Ranar da Aka Ce wa Alhaji Ya Zauna

Ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. Na zo Greensboro ta Amurka da saukar Alƙur'ani, kuma a masallacinmu ni nake share shimfiɗu bayan Juma'a. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Babban aibina shi ne na saba a roƙar mini. Tun a Zariya, in na yi laifi kawu zai je ya ba da haƙuri, magana ta mutu. A nan ma muna da Alhaji Bala, dattijon da in ya sa baki ba mai iya ce masa a'a.

Wurin aiki suka tura ni garin Pleasant Garden da ke kusa da mu, gidan Mama Rifkatu, wata tsohuwa Kirista 'yar Jos, don tana son mai jin Hausa. "Ɗana" take ce mini. Agogon hannun marigayi mijinta yana gefen gadonta, shi take dubawa ta ce, "Tashi ka yi sallarka, kada ka makara."

Da ƙananan abubuwa na fara satar. Gwangwanin madara, sai turare, sai 'yan kunne. Duk sanda gabana ya faɗi sai in ce wa zuciyata, ke kwanta, mu al'ummar Annabi ne, akwai ceto. Kai, Shaiɗan ya iya wa'azi! Ran nan na sa agogon a aljihu na kai shagon jingina. Washegari ta lalubi gefen gado ta ce, "Ɗana, ba ka ga agogon Baba ba?" Har ƙarƙashin gado na leƙa ina taya ta nema.

'Yarta, Anti Saratu, ta sa kyamara a ɗakin. Ba a yi sati biyu ba asirina ya tonu, aka kai ni kotu.

Ko a lokacin ban tsorata ba, na san Alhaji na nan. Ranar yanke hukunci ya zo kotun da ke tsakiyar gari cikin babbar riga, da dattawa uku a bayansa. Alƙaliya na duba takardu Alhaji ya miƙe, kamar yadda ake yi a gida, ya ce a yi haƙuri, yaronmu ne. Ɗan sandan kotu ya ɗaga masa hannu. "Sir, sit down." Alƙaliya ta ce a ɗakin nan ba mai magana sai wanda aka ba izini. Na waiwaya na ga Alhaji ya koma ya zauna, kansa a sunkuye. Ayar da nake karantawa bayan kowace salla, mai cewa babu mai ceto a wurin Allah sai da izininSa, sai ranar na ji ta.

Aka yanke mini ɗauri. A kurkuku akwai wani malami da ke ziyartar mu. Na ce, "Malam, ba an ce ceton Manzon Allah yana kaiwa ga masu manyan zunubai ba?" Ya ce, "Yana kaiwa, babu shakka. Amma wa ya ba ka takardar cewa kana cikinsu? Sannan haƙƙin mutane daban ne. Mai kaya yana nan tsaye, ko ya yafe, ko a yi masa sakayya." Na ce ai Kirista ce. Ya dube ni ya ce, "To, Allah zai zalunce ta ne saboda kai?" Tun daga ranar, ko ƙarar agogon bango na ji sai in tuna da Mama Rifkatu.

Da na fito na nufi shagon jinginar, suka ce an sayar da shi tuni. Alhaji ya nema mini izinin ganin Mama wurin Anti Saratu. Ta ce, "Ni na yafe nawa. Amma agogon ba nawa ba ne."

Mun sami Mama a gidan kula da tsofaffi, tsufa ya ɗauke mata tunani. Na durƙusa na ce, "Mama, ni na sace agogon Baba. Ki yafe mini." Ta yi murmushi ta ce, "Sannu da zuwa. Kai ɗan wane ne?" Sau uku ina maimaitawa, sau uku tana tambayata. Da muka tashi tafiya ta miƙa hannu tana laluben gefen gado, ta ce, "Lokacin sallarka bai yi ba?"

Na tuba, ban kuma yanke ƙauna da rahamar Allah ba. Amma ina tsoro, tsoro sosai. Ina ganin kaina a filin Alƙiyama ina waige-waigen mai sa baki, ita kuwa tana gabana da hankalinta cif, ta gane ni sarai.

Ƙannena, ceto gaskiya ne, ku roƙi Allah Ya sa ku ciki, amma kada ku yi sata da shi. In akwai kayan wani a hannunku, ku mayar masa yau, tun yana gane fuskarku.