Wuƙar Sambo Mai Igiya

Shekara goma sha huɗu ina tuƙa mota tsakanin Gummi da Anka, ban taɓa ɗaukar fasinja mai taurin kai irin Sambo Labbo ba. Igiya yake sayarwa. Yakan zauna a ƙofar gidansa ya tufka ta da rama, ranar kasuwa ya rataya ta a kafaɗa ya bi masu awaki da tumaki. Dogo ne, haƙoransa biyu na gaba sun tafi tun ranar da wata saniya ta harbe shi, kuma ba ya zama ko'ina a mota sai kujerar baya, kusa da inda ake cusa dabbobi. In ka ce ya dawo gaba don girmansa, sai ya ce a can yake jin numfashinsu.

Ba wasa yake yi ba. Mu direbobi mun san halinmu. Mukan danna rago tsakanin buhun shinkafa da jarkar manja, mu ja murfi mu ɗaure. Wani ya kai lafiya, wani numfashi ya ƙare masa a hanya. Dabbar da aka yanka kafin ranta ya fita nama ce, mahauta za su saya, mai ita ya rage asara. Wadda ta mutu da kanta mushe ce, sai dai a yar. Tsakanin biyun nan minti ɗaya ne ko biyu, kuma a wannan ɗan tsakanin Sambo ya yi suna. Da ya ji kakari sai ya buga jikin mota da tafin hannu, in taka birki, ya dira ya juya dabba alƙibla ya yanka. A idona ya ceci sama da talatin, bai taɓa karɓar ko ƙafa ɗaya ba.

Wuƙarsa ta asali mai kube ce, ta mahaifinsa, a damtse yake ɗaura ta. Da tsaro ya lalace aka cika hanya da shingaye, wuƙar damtse ta zama abin da zai sa a kwantar da dattijo a kwalta a ce yana kai wa mutanen daji labari. Matarsa Murjanatu ce ta ɓoye ta a ƙasan adaka, ta ce ita ba ta shirya shiga takaba ba. Kwana uku bai yi mata magana ba. A na huɗu ya zo tasha ya ce in raka shi wurin Ɗahiru mai koli, zai zaɓi 'yar wuƙa mai naɗewa wadda za ta ɓace a aljihu.

Na ɗauka aikin minti biyar ne. Lodi biyu ya wuce ni ranar. Ɗahiru ya zube masa su a tabarma, ya fara miƙo wata ja mai ƙyalli, mai baki bakwai, har da almakashi da abin buɗe kwalba.

"Wagga ta manya ta, Baba," in ji Ɗahiru.

"Ni kwalba nika yankawa?" Sambo ya ture ta gefe.

Ya ɗauki wata ya buɗe, ya danna bayanta a gwiwa, ta naɗe nan take. Ya ce wannan yatsun mai ita za ta fara ci. Wata kuma sai da hannu biyu take buɗuwa, ya ce ɗayan hannun nasa yana riƙe da haɓar rago, wa zai ara masa na uku? Mai tsini ya ce ta 'yan iska ce. Mai haƙora irin na zarto kuwa har tsaki ya yi mata, ya ce azabtar da dabba haramun ne. Ɗahiru ya gaji har ya koma sauraren rediyo. Can ƙasan kwali Sambo ya zaƙulo wata baƙa mai ƙotar katako, ba ado ko kaɗan, tsawon bakinta yatsa huɗu. Ya buɗe ta da babban yatsa, ta yi ƙas ta tsaya. Ya danna, ba ta motsa ba. Ita ya saya, ya yi mako guda yana wasa ta a dutse, har ta fara aske gashin hannunsa.

Wata biyar tana aljihunsa. Da ita yake yanke igiya, da ita yake fasa goro, ta kuma ceci akuya biyu.

Ranar da abin ya faru, damina ta kusa. Cikin fasinjojina akwai Hure, wata bazawara daga unguwarsu Sambo, da farin ragonta. Shekara guda tana kiwonsa da dusa da harawa. Rufin ɗakinta ya rufta tun bara, ragon za ta sayar a Anka ta sa kwano kafin ruwa ya sauka. Ni na saka ragon a baya, ni kuma na ɗora buhuna uku a gefensa. Ba zan ɓoye nawa laifin ba.

Bayan mun wuce mararrabar Bukkuyum aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauka. Wani saurayi cikin masu tsaron shingen, mai baƙin gilashi, wanda ko jikan Sambo ya girme shi, ya zura hannu a aljihun dattijon ya fito da wuƙar. Ya buɗe, ta yi ƙas. Na ga yadda ya yi murmushi, na san ta tafi.

"Tsoho, mi kaka yi da makami?"

"Ba makami na ba, ɗana. Igiya nika saidawa. Kuma in bisa za ta mace cikin mota, da ita nika yankawa."

"An hana."

"Tau, kasuwa anka saida min ita, gaban kowa. Auna ta ka gani, yatsa huɗu ta."

Saurayin ya naɗe ta ya sa a nasa aljihun. Na sa baki, ya ce in ban ja motata ba ni ma zan yini a nan. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne, a hanyar nan mutane na wucewa da bindiga a kafaɗa da rana tsaka, ba mai tambayar su inda za su. Amma ƙarfin doka duk sai ya ƙare a kan aljihun mai igiya. Sambo ya hau mota ya zauna.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba na faɗa wani rami, buhu ɗaya ya zame. Sai na ji bugun nan a jikin mota. Na tsaya, muka janye buhun, muka fito da ragon. Wuyansa ya lanƙwashe, yana shure-shure, idonsa na juyawa. Sambo ya kwantar da shi alƙibla, ya kama haɓa da hagu, damansa ya shiga aljihu ya fito ba komai.

"Wa ad da wuƙa? Ko reza!" ya yi ihu.

Mutum goma sha takwas a mota, ba mai ko allura, kowa ya bar wuƙarsa a gida don tsoron shinge. Na zazzage akwatin kayan gyara, sifana ce kawai da sukudireba. Hure ta durƙusa tana shafa bayan ragon tana kiran sunan Allah. Ya yi shure biyu, ya miƙe ƙafafu.

Ko minti biyu ba a yi ba sai ga wani mai babur da lauje a ɗaure a baya. Wani fasinja ya karɓo ya miƙa wa Sambo.

"Yanka shi, Baba. Jikinai da ɗumi, jini na zuba. Wa zai sani?"

Ni kaina, Allah ya yafe min, so nake ya karɓa. Hure ta ɗago ta dube shi, ba ta ce ya yanka ba, ba ta ce ya bari ba. Sambo ya kai yatsa ya taɓa ƙwayar idon ragon. Bai ƙifta ba.

"Baba Sambo, ka dai tabbata?" in ji Hure.

"Na tabbata, ɗiyata. Ya tahi. Ba ni sa a ci mushe da sunanki."

Ya miƙa wa mai babur laujensa, ya kama ƙafafun ragon shi kaɗai ya ja shi gindin wata sabara, ya ƙi yarda kowa ya taimaka masa.

Na ce Hure ta shiga mu ƙarasa Anka, in dawo da ita da la'asar. Ta ce me za ta je yi a can? Ta ɗauko ƙullin harawar da ta zo da ita don ragon ya ci a kasuwa, ta ajiye a gefensa, ta tsallaka titi ta tsaya jiran motar Gummi.

Kwana tara bayan nan aka yi ruwan farko, a ɗakin maƙwabta ya same ta.