Musafahar Kawu

Jiya likita ya kama wuyan hannuna, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. A jami'a ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda zuciya ke bugawa. In ya zo hutu Batsari, ba ya saurin sakin hannun mai gaishe shi. Yatsunsa masu sanyi na kan jijiya har a gama tambayar gida da gona.

Wata rana na iso daga Safana, na ce masa lafiya lau.

Ya ce, "Bakinka ne ya faɗa, ɗana. Zuciyarka tana tuntuɓe. Gobe ka je asibiti."

Don kunyarsa kawai na je, aka tarar da ciwon. Har yau ina shan magani, ina noma gerona.

Allah Ya riƙa hannunsa ranar hisabi, yadda ya riƙa nawa.