Ɗakin Goggo da Na Mayar Shago

A lokacin shekarata ashirin da bakwai, na gama karatu, ina jin Turanci da Yarbanci, ina ganin duk unguwarmu ta Sabo babu wanda ya kai ni sanin takarda. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, ni ne babba, sai takardun gidanmu suka dawo hannuna da sunan kakana a jiki. Tun daga ranar kaina ya kumbura.

A ɗakin da ke kallon titi akwai wata tsohuwa mai waina da muke kira Goggo. Na tashi na gan ta, ban san dangantakarmu ba, ban kuma taɓa ganin ta biya haya ba. Ɗakin ya tsone min ido, domin masu zuwa Mokola ta ƙofarsa suke bi, ni kuwa shagon waya nake so. Mahaifiyata ta ja min kunne, ta ce ko Baba bai taɓa ɗaga wa Goggo murya ba. Na ce zamanin kara ya wuce. Na tsaya a kanta tana suya, na karanta mata takardar da Turanci a gaban masu sayen waina, na ba ta wata guda ta tashi. Kafin sati ta ɗauki tandarta ta koma wajen jikarta a Shasha.

Ranar da na buɗe shagon, limamin unguwa ya ja ni gefe ya tambaye ni wa ya gina gidan. Na ce kakana. Ya girgiza kai, ya ce mahaifin Goggo ne, wani falken goro. Kakana baƙo ne da ya zo daga arewa da tabarma ɗaya, aka sauke shi a zaure. Da ciwon ajali ya kama mai gidan, ya bar masa amanar gidan da 'yarsa tilo a gaban shaidu, babu rubutu. Da hukuma ta zo rajistar gidaje, kakana ya ba da sunansa don kada a ja mace ofis. A hankali bakin mutane ma ya bi takarda.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je Shasha na durƙusa, na roƙe ta ta dawo. Ta ce ta yafe, amma ba za ta koma ba. Roƙonta ɗaya: a bayan ɗakin aka binne cibiyarta, in bar mata wurin yadda yake. Na kasa faɗa mata na riga na shafe shi da siminti, na ɗora janareta a kai.

Goggo ta rasu bara. Na kai wa jikarta makulli da takardun, amma kunyar ba ta bar ni ba. 'Yan'uwana matasa, kafin ku ɗaga wa tsoho takarda, ku tambayi wanda ya riga takardar shiga gidan. Har yau in zan wuce ta ƙofar ɗakin nan, sunkuyar da kai nake yi.