Tankinka Ya Cika

A layinmu Mai Bohol ake ce masa, domin haƙa rijiyar burtsatse ce sana'arsa tun gashinsa yana baƙi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar inji. Duk gidan da ka ga tanki a samansa, shi ya huda masa ƙasa. Gidansa ne kawai babu. Can rijiyar guga ce a tsakar gida, igiya ta cinye bakinta, bishiyar lemo tana yi mata inuwa. Mahaifiyarsa, Inna, ba ta shan wani ruwa sai nata. Ta ce na tanki ɗanɗanon roba yake yi.

Sai rijiyar ta fara ja da baya. Aka ƙara wa igiya tsawo, rani ya zagayo aka sake ƙarawa, har ta zama ƙulli kan ƙulli, kowane yanki da launinsa.

Mai Bohol ya san dalili. Wutar lantarki ba ta daɗewa a wurinmu, don haka da an kawo ta kowa zai kunna injin jan ruwa, ya ruga wajen gugar kaya ko talabijin, ya manta. Tankuna su cika su tumbatsa, ruwa ya dinga zubowa daga rufi kamar damina ba hadari. Ruwan da ya yi barci a duhun ƙasa tun kafin kakanninmu, a tashe shi, ya ga rana sau ɗaya, ya ƙare a kwata.

Mai Bohol ya shiga bin gidaje yana buga ƙofa.

"Tela, tankinka ya cika."

"To ai don ya cika aka saye shi."

"Zuba yake yi a kwata."

"Bari in ƙarasa hannun rigar nan, maƙwabci. Wutar nan ba ta da haƙuri."

Mai Kemis kuwa ko gilashinsa bai sauke ba. "Ruwan ƙarƙashin gidana ne. Naka na taɓa?"

"Can ƙasa babu katanga. Randa ɗaya ce, kowa ya zura bututunsa."

"Wa ya zura mana?"

Mai Bohol ne ya zura musu. Kowannensu cewa ya yi a haƙa masa ta fi ta maƙwabci zurfi, shi kuma bai taɓa cewa a'a ba.

Da ƙyar ya tara mazan layi a bencin ƙofar Tela. Ya ce a riƙa ja bi da bi, wannan ɓangare yau, wancan gobe, wanda tankinsa ya cika ya kashe. Kowa ya gyaɗa kai, Mai Kemis har da cewa magana ta yi. Ana cikin haka ƙwan lantarkin shagon Tela ya kawo haske. Ɗaya ya ce yana zuwa, ɗaya ya tuna ya bar wani abu a gida. Kafin Mai Bohol ya rufe baki benci ya zama wayam, injuna sun ɗauki gurnani daga wannan kai zuwa wancan. Ya zauna shi kaɗai yana kallon kwata tana cika.

Da rani ya tsananta, Inna ta jefa guga wata safiya, ba ta ji ƙarar ruwa ba, sai tim. Ta jawo laka. Ya kawo mata ruwa daga maƙwabta, ta jiƙa leɓe ta ture kofin. Kwanaki tana haka, har idonta ya faɗa.

"Inna, ki sha mana. Ruwa ai ruwa ne."

"Kai ɗan nan, ka shayar da layi kaf, uwarka tana lasar taɓo. Ina injin naka?"

"In na haƙa, na wani zan janye."

"Su da suka janye nawa sun yi maka sallama?"

Ya kawo injin. Motar da ke ɗauke da shi ba ta iya shiga tsakar gida sai da aka sare bishiyar lemo. Ya haƙa ya wuce zurfin Tela, ya wuce na Mai Kemis, bai tsaya ba sai da ruwa ya feso da ƙarfi. Ya tara kofi a bakin bututu ya miƙa mata. Ta kurɓa, ta ɓata fuska.

"Ba shi ba ne. Amma ƙaro."

Ya yi wa tsohuwar rijiya marfin siminti, ya rataye igiyar a ƙusa. Yanzu in an kawo wuta yakan ja kujera gaban makunnin injin jan ruwansa, ba ya tashi sai ya kashe da hannunsa. Daga nan zaune ya fara jin injin Tela, ta bayan katanga, yana tari, yana zuƙar iska.

Bai daɗe ba aka yi sallama.

"Maƙwabci, kana ciki? Tawa ta ƙafe fa. Yaushe za ka zo ka ƙara mini zurfi?"

Mai Bohol ya juya masa kunnen hagu. Tela ya zagayo ta dama ya maimaita.