Hannun Baba Ummaru Mai Tuta

Ina zuba wa dokin maigidana dusa da safen nan waya ta shigo. Baba Ummaru Mai Tuta ya rasu bayan sallar asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai sakin dawaki a filin sukuwarmu na Illela. In bai sauke tutarsa ba, ba dokin da zai motsa. Shi ya fara ɗora ni kan sirdi, shi kuma ya fara gaya mini cewa bakina ya fi dokina gudu.

Filin nan da can fako ne, inda Fulani ke kwantar da shanu. Su Baba suka sare ƙaya, suka tsince duwatsu, suka fitar da hanyar da muke zagayawa yau. Bayan kaka mutanen Amarawa da Kalmalo su zo da dawakinsu, na Ƙwanni su ƙetaro iyaka. A lokacin, in ji shi, wanda dokinsa ya zo ƙarshe goro yake saya wa jama'a, a yi masa dariya a watse.

Yanzu kun san yadda abin ya koma. Matasa a gindin dogon yaro kowa da waya, wannan ya zuba naira, wancan sefa. Har wanda ke zaune Legas yana caca a kan dokin da bai taɓa gani ba.

Baba ya san doki, sanin da har yau yake ba ni mamaki. Masu caca suka gane haka, sai suka koma kallon hannunsa. Duk dokin da ya shafa wa wuya, a kansa za su taru. Ranar da ya fahimta, ya daina. Mutumin da ba ya iya wuce doki bai taɓa shi ba, ya koma bin layi da tuta a hammata, hannuwa a baya, ido a ƙasa. Shekara da shekaru haka.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Garba, hannuna ba shi zama sanadin da ɗiyan wani za su kwan da yunwa."

Sau ɗaya na ga ya karya dokar nan. Sukuwar bara ce, ina kan akawalin maigidana Alhaji, baƙin doki mai kyau. Mun jeru. Baba ya zo wucewa sai ya tsaya, ya durƙusa, ya kama ƙafar dokin ta gaba. Nan take gindin dogon yaro ya rikice, kowa na danna waya, wai Baba ya nuna gwani.

Ya ɗago ya dube ni. "Sauka. Jijiyag ga ta yi zahi. In kat tahi da shi, a kwana za ku hwaɗi, kai da shi."

Alhaji ya taso da faɗa. Masu caca suka yi mana zobe, suna cewa ai Baba ne ya ja su suka zuba kuɗi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya naɗe tutarsa, ya taka zuwa tsakiyar hanyar dawaki, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Wanda ka son dokin ga shi yi gudu, shi biyo ta kaina."

Ban taɓa jin filin nan ya yi tsit irin na ranar ba.

Aka janye akawal. Washegari ƙafar ta kumbura, ko taka ta ba ya yi. Ina kallon ƙafar ina tuna 'ya'yana.

Makon jiya na je gaishe da Baba, na tarar ya rame sosai. Ya sa aka ɗauko tutar daga bayan ƙofa, ya aza mini a cinya. Na ce, "Baba, ni? Ga manya nan."

Ya yi murmushi. "Manya suna da dawaki. Kai mi gare ka ban da baki? Tuta ba ta da nauyi, Garba. Hannunka za ka tsare."

Da hantsi muka kai shi makwancinsa. Muna fitowa daga maƙabarta, ko hannu ban wanke ba, wani ya matso ya yi mini gaisuwa, sannan ya rage murya: "Garba, sukuwa mai zuwa, wane doki kaka gani?"

Na wuce abina. Amma a nan na tabbata Baba ya tafi, kuma tsoro ya kama ni.

Allah ya gafarta wa Baba Ummaru, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da ni, Allah ya ba ni ikon riƙe abin da ya bar mini.