A Ƙara Mata Tsawo

Wallahi da kun ga yadda motar nan ta sauko daga kan tirela! Ranar nan ba ta fita raina. Baƙa wuluk, ƙofa huɗu, gabanta kamar katangar gida. Mu a Bahri, nan Khartoum, boksi muka sani, ƙaramar a-kori-kura ta Japan. Wannan kuwa 'yar Amurka ce, boksi biyu sai su kwana a inuwarta.

Ta Jidda ta biyo, ta sauka Bur Sudan, aka gama da kwastan aka ɗoro ta. Mai ita Alhaji Abakar ne, wani dattijo a Omdurman, abokin kakana. Ɗansa na Saudiyya ya aiko masa. Albarkacin kakana ya kawo ta warsharmu, wato garejin Usta Babikir inda nake aiki.

Ni ɗaga mota, wato ƙara mata tsayi daga ƙasa, a waya na koya, bidiyo bayan bidiyo. Kullum ina damun Usta ya ba ni dama, shi kuma sai ya ce, "Ya zol, kai yaro, fara iya canza mai tukuna."

To, Usta ba ya jin Hausa, Alhaji kuma in ya ga ɗan gida Bahaushe irina ba ya yin Larabci. Ya zagaya motar, ya dafa bayanta, ya ce min, "Jikan Malam, abu ɗaya nake so. A ƙara mata tsawo."

"Tsawo, Baba Alhaji? Kamar nawa?"

"Yadda za ta ɗauki mutum cikin mutunci."

Kai! Na ce ashe tsohon nan ɗan zamani ne. Na juya na gaya wa Usta da Larabci cewa Alhaji na so a ɗaga ta. Usta ya dube ni ya ce, "Aikinka ne. In ya yi kyau, duk motar Amurka taka ce. In ka ɓata, ka koma wankin inji."

Ɗaga mota ba wasa ba ne fa. Sai ka canza sifirin da shokazoba, ka sa dogon tiyon birki, ka yanke bakin bodi don manyan tayoyi su samu juyawa. Duk na yi. Da na gama, Usta da kansa sai da ya taka jarka ya shiga.

Ranar Juma'a muka haye kubri, gadar kogi, zuwa Omdurman, masu raksha, keke mai ƙafa uku, na ta yi mana hon. Muka tsaya ƙofar masallacin unguwa daidai an fito salla. Alhaji ya ɗaga kai yana kallo har rawaninsa ya goce. Sai ya sa aka fito da angareb, gadon igiyar nan da muke ɗaukar gawa a kai.

Ashe sadaka zai yi da ita, motar jana'izar unguwa, ya ɓoye ne har a gama. Bayanta gajere ne, angareb ba ya shiga. Tsawon da yake nufi ke nan.

"Bari mu gwada," in ji shi. Ya miƙe a kan gadon. Dattawa suka kama, da liman a ciki. Suka kai ƙirji, suka kai kafaɗa, motar na can sama tana jiransu. Liman na nishi.

"Ku sauke ni, ban shirya ba!" in ji Alhaji. Daga kwance ya nuna ni. "Jikan Malam, maƙabarta na ce a kai mu. Kai kuma ka rage mana hanyar sama."

Usta ya tambaye ni me ya ce. Na ce yabo yake yi.

Duk wannan, samarin unguwa sun kewaye motar suna hoto. Da suka ga dattawa sun gaza, wasu suka ɗare sama, wasu suka tallafo daga ƙasa, sai ga Alhaji a bayan mota, ƙafafunsa a waje. Liman ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji," ya ce, "yaran nan ko jana'izar kawunsu sai an aika a taso su. Yau ga su da ƙafarsu."

Alhaji ya leƙo daga can sama. "A bar ta haka. Amma ɗaya tsawon, kai da liman za ku auna."

Muka yi wa bayanta ƙarin ƙarfe. Tun daga nan ba a rasa samari a jana'izar unguwar, har rigima suke kan wa zai hau. Ni ma ban koma wankin inji ba.

Abin da na koya? Kafin ka kama sifana, tambayi mai mota wa za ta ɗauka, a zaune ko a kwance. Amma fa laifin Hausa ne, kalma ɗaya ga sama, ga baya. Ku makanikai 'yan'uwana, wace kalma ce ta taɓa kusan cinye muku aiki? Ku ba ni labari.