Zaman Jiran Baƙi'a

Babanmu bai je Madina neman kuɗi ba, mutuwa ya je yi. Da bakinsa ya faɗa, ranar da ya tara mu a tsakar gida a Kano, fuskarsa cike da fara'a kamar mai kawo albishir. Ya ce ya gama da kasuwa, hayar gidajensa da ɗan abin da ya tara sun isa su riƙe mu, burin da ya rage masa a duniya shi ne a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Annabi. Yayana zai zauna a gida yana karɓar haya yana aiko mana. Ni ce auta, ina sakandare, ba wanda ya nemi jin ta bakina. Umma ma ba a nemi jin nata ba, amma ta yi tambaya guda.

"Alhaji, Iya fa?"

Iya mahaifiyarta ce, tana ƙauye wajen Ɗambatta, tsufa ya fara kama ta.

"Haba Hajiya, jirgi fa ake hawa," in ji Baba. "Duk lokacin da kika so ganinta sai ki zo."

A kan wannan magana Umma ta ɗaure kayanta.

A shekarun nan na casa'in ba a ba mutum izinin zama a Saudiyya don kawai yana da abin ci da kansa. Dole sai da kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya maka ya ce ma'aikacinsa ne kai. Aka haɗa Baba da wani Balarabe mai shagon kayan gini a unguwar Aƙiƙ, ya rubuta cewa Baba akawunsa ne. Baban da har ya bar kasuwa a ka yake lissafi, bai taɓa riƙe biro ba! Ko ƙofar shagon bai sani ba sosai. Duk shekara a kai wa mutumin rabonsa ya sabunta iƙama, wato takardar zama, fasfo ɗinmu kuwa suna aljihun teburinsa. Ni da Umma an rubuta mu a ƙarƙashin sunan Baba, ba ma shiga ba ma fita sai ya nema mana izini.

Muka kama gida a unguwar Bani Harisa, hawa na biyu, ta tagar kicin ana hango dutsen Uhudu. Baba kan fita kafin asuba, ba ya dawowa sai an yi isha. Kusan bayan kowace salla akwai jana'iza a masallacin, shi kuwa ba ya barin ko ɗaya ta wuce shi. Ya bi gawa har bakin rami, ya dawo yana ba mu labari muna cin abinci.

"Yau wani ɗan Indunusiya aka kai. Bai yi ko mako da zuwa ba. Kin ga mai rabo!"

Ban taɓa ganin mai rai yana kishi da gawa ba sai Baba. Ga shi Allah ya ba shi lafiya kamar doki, ko mura ba ta kama shi. Madina ta karɓe shi, har ƙiba ya yi.

Umma kuwa duniyarta ta koma ɗaki biyu da kicin. Larabcinta bai wuce na sayen burodi ba. Da kuka da daddawar da alhazai ke kawo mana take yin miya, tana tattalinsu kamar magani. Su alhazan ne kuma ke zuwa mana da kaset daga ƙauye. Ƙanwar Umma ce ke ɗaukar muryar kowa, a gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ana jin carar zakara da ƙarar turmi a baya, sai can ƙarshe Iya ta yi 'yar gajeriyar magana ta sa albarka. Umma kan mayar da wannan wurin baya ta sake ji, har zaren kaset ɗin ya tsinke ta liƙe shi da salatif.

Shekarar farko da ta tayar da maganar zuwa gida, Baba ya ce a bari a yi azumi, wa yake barin Madina da Ramadan? Aka yi salla, ya ce ga aikin Hajji ya matso, baƙi za su sauka. Baƙi suka tafi, ya ce lokacin sabunta iƙama ne, kafili ba zai ba da fasfo ba. Kafin a gama wannan wani azumin ya zagayo. Haka shekara ke juyawa a gidanmu, ba watan da babu dalilinsa. Sai daga baya na gane ainihin abin: tsoro yake ji. Yana tsoron ya taka ƙafa wajen Madina ajali ya riske shi a can, duk wahalar ta tashi a banza. Ko Umra ya daina zuwa. Makka guda, wai kada ya mutu a can a binne shi a can.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ka da bakin kuka. Wa za ka gaya wa kana cikin ƙunci a garin Manzo? Duk wanda ya zo daga gida sai ya riƙe hannun Umma ya ce, "Kun dace, Hajiya, ku riƙa sa mu a addu'a." Ita kuma ta ce alhamdu lillahi. Maƙwabciyarmu ce kaɗai, wata Bahaushiyar Sudan da aka haifa a hanyar Hajji, take kallonta ta girgiza kai ta ce, "Ma'alesh ya hajja, sabur, sai haƙuri. Mazan nan kullu haka suke."

Muna cikin shekara ta bakwai ko ta takwas wani kaset ya zo wanda ba muryar Iya a ciki. Ƙanwar Umma ce kaɗai, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Iya ta fara mantuwa. Tana zuba gishiri sau biyu a miya, tana aika yara su kira mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ta ce, "Yaya, in za ki zo ki zo yanzu, tun tana gane mutane."

Akwai wani likita ɗan Zariya da ke aiki a asibitin garin, yana girmama Baba ƙwarai. Ya ji labarin, ya zo har gida ranar wata Juma'a. Ya ce shi da iyalinsa za su tafi hutu, Umma ta bi su, zai yi wa kafili magana a buga mata fita da dawowa, wata guda ta dawo. Ina tsaye da tiren shayi. Umma ta durƙusa a bakin ƙofar falo, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban baƙo ba.

Baba ya yi godiya, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Likita, kai ba muharraminta ba ne."

Na ce, "To Baba, Yaya ya zo da bizar Umra ya tafi da ita mana."

"Wa zai kula da gidajen?"

"To kai ka kai ta."

Ya ja carbinsa. Da ya buɗe baki, ba ni ya kalla ba, Umma ya kalla. "Hajiya, in na fita ban dawo ba fa? In kuma kin tafi na faɗi, wa zai riƙe kaina?"

Ban san lokacin da na dire tiren ba har kofi ya kife. Na ce, "Baba, kai kullum lafiyarka ƙalau, Iya ce ba ta da lafiya!"

"Ke! An kawo ki maƙwabtaka da Annabi kike ɗaga mini murya? Mutane gona suke sayarwa don su yi 'yan kwanaki a nan."

Likita ya sunkuyar da kai. Umma ta tashi ta ɗauko tsumma ta goge shayin. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta sake kunna rediyon kaset ba.

Sai bayan shekara uku Baba ya samu abin da ya zo nema. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika, kansa a kan cinyar Umma, yadda ya so. Aka sallace shi bayan la'asar, maza suka ɗauke shi da sauri suka shige Baƙi'a. Mata ba sa shiga. Muka tsaya a bayan katanga muna leƙe ta ramukan ƙarfe, ba abin da muke gani sai fili da duwatsu iri ɗaya da tattabaru. Da likita ya fito Umma ta tambaye shi ta wane ɓangare aka sa shi. Ya ɗaga hannu ya nuna can ciki, shi ma bai tabbata ba, don ba a sa alama. Na yi kuka sosai, ubana ne kuma ina sonsa. Amma haushinsa bai fita daga raina ba, har yau da nake rubutun nan.

Kafili ya zo ta'aziyya da kwalin dabino. Mutumin kirki ne a irin nasa. Ya jira Umma ta gama takaba, sannan ya aiko da fasfo ɗinmu an buga mana fita ba dawowa, tunda wanda muke ƙarƙashinsa ba ya nan. Abin da Umma ta roƙa shekara da shekaru, a safiya guda aka buga shi.

Kwana ɗaya muka yi a Kano, Umma ta ce ba za ta ƙara ba. Yaya ya kai mu ƙauye da hantsi. Muka tarar da Iya a kan tabarma a inuwar rumbu, ta rame, ƙanwar Umma tana ba ta koko. Umma ta zube a gabanta.

"Sannu da zuwa, baƙuwa," in ji Iya. "Daga ina?"

"Daga Madina, Iya."

Sai fuskar tsohuwar ta washe. "Madina! Ai ina da 'ya a can." Ta kama sunan Umma, ta sake maimaitawa. Umma 'yar fari ce, saboda kunya Iya ba ta taɓa furta sunan nan ba tun da ta haife ta. Ranar ce Umma ta fara jin sa a bakinta.

"Kin san ta? Doguwa ce, mai wushirya. Ba ta da hayaniya. Duk cikin 'ya'yana ita na fi so, ban dai taɓa gaya mata ba."

"Iya, ni ce. Ki dube ni, ni ce na zo."

Iya ta matso ta ƙura mata ido, ta dubi furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, ta yi 'yar dariya.

"A'a, baiwar Allah, ke ai tsohuwa ce. Tawa yarinya ce." Ta dafa gwiwar Umma. "In kin koma, don Allah ki ce mata ta zo. Ki ce na gaji da jira."

Umma ta karɓi kwanon kokon daga hannun ƙanwarta, ta ce, "To Iya, zan gaya mata."

Ba ta koma Kano ba. Ta zauna tana yi wa Iya wanka tana ba ta abinci har damina biyu, har Allah ya karɓi abinsa. Kullum da safe sai Iya ta ba ta wannan saƙon, kullum kuma Umma ta ce za ta kai.